Tambaya da Amsa: Akwai haɗari idan abinci ya yini a tukunyar lantarki?

Tambaya: Assalamu alaikum. An ba ni kyautar tukunyar lantarki irin wadda ke dafa abinci sannu a hankali, aka ce zan iya zuba nama da safe in tafi aiki, in dawo da yamma in tarar ya nuna. Hankalina bai kwanta ba, domin na san abincin da ya daɗe yana ɗumi-ɗumi lalacewa yake yi. Yaya take aiki, kuma me zan kiyaye? Daga wata uwargida.

Amsa: Wa'alaikumus salam. Uwargida, damuwarki tana kan hanya, sai dai ba tsawon yinin ba ne abin tsoro. Irin wannan tukunya, wadda ta yaɗu bayan kamfanin Rival na Amurka ya fitar da tasa mai suna Crock-Pot a 1971, kashi uku ce: gangar ƙarfe mai wayar da ke yin zafi idan lantarki ya ratsa ta, da kaskon tangaran mai kauri da ke zama a ciki, sai murfi mai nauyi. Wayar ba ta taɓa abincin, tangaran ɗin take ɗumamawa, shi kuma ya riƙe zafin ya rarraba shi. Idan kika leƙa ta murfin gilashin za ki ga tururi yana taruwa yana ɗigowa ciki, shi ya sa romo ba ya ƙafewa, nama mai jijiya kuma yake yin laushi.

Ƙwayoyin cuta suna hayayyafa ne tsakanin digiri 5 da digiri 60 a ma'aunin Salsiyos, lafiyayyar tukunya kuwa tana kai abinci sama da haka, har kusa da tafasa, ta riƙe shi a can. Saboda haka sa'o'in farko, lokacin da abincin ke haye wannan tsakani, su ne wurin lura, kuma duk abin da zai jinkirta hawan zafin shi za ki guje wa.

Babban kuskuren da ake yi shi ne jefa daskararren nama kai tsaye daga firiza, domin tsakiyarsa kan daɗe da ɗumi-ɗumi alhali gefensa ya fara dahuwa. Ki bar shi ya saki a cikin firij tun daren jiya, ki yanka shi madaidaici. Kada ki cika kaskon fal. Daga rabi zuwa kashi biyu cikin uku ya wadatar, kuma kayan lambu masu tauri su kasance a ƙasa tunda sun fi nama jinkirin nuna. Idan kina gida, ina ganin ya fi kyau ki fara da babban zafi na sa'a guda kafin ki rage. Ki daure ki bar murfin a rufe, domin kowane buɗewa na iya ƙara kusan minti 20 a kan dahuwar. Madannin ɗumi da ke jikin tukunyar kuwa na riƙe dafaffen abinci da zafinsa ne kawai. Ragowar abinci ma ba a ɗumama ta a wannan tukunya. A murhu ake yi har ta tafasa.

Akwai abu guda da nake so ki ɗauka da muhimmanci ƙwarai, wato busasshen jan wake. Yana ɗauke da wata guba ta halitta mai jawo amai da gudawa, wadda tafasa sosai ce kaɗai ke karya ta, zafin wannan tukunya kuwa ba lallai ya kai ba. Ki jiƙa shi aƙalla sa'o'i 5, ki zubar da ruwan, ki tafasa shi ɓal-ɓal a sabon ruwa na aƙalla minti 10 a murhu, sannan ya shiga tukunyar.

Idan wuta ta ɗauke kina nan, ki juye abincin nan take ki ƙarasa shi a murhu. Idan kuwa dawowa kika yi kika tarar ta ɗauke ba ki san tun yaushe ba, ki zubar da shi ko da ƙamshinsa bai sauya ba, domin hanci ba ya gane abincin da ƙwayoyin cuta suka kama.