Amsar tambayar Auwalu kan wasan Clannad

Assalamu alaikum 'yan gida. Auwalu, na ga saƙonka tun da azahar, rubutu ba zai ɗauke shi ba, shi ya sa na ce bari in yi murya. Ka ce ka ga Clannad a Steam, kasuwar nan ta intanet da ake sayen wasannin kwamfuta, kana tambaya wai wasa ne ko littafi, kuma ko ka haƙura ka kalli fim ɗinsa na zane kawai. To ka gyara zama ƙanena, muryar za ta ɗan yi tsayi.

Gaskiya karatu ne ya fi yawa. Hoton mutum zai fito a allo, rubutu a ƙasa, kiɗa na tashi a hankali, kana dannawa kana karantawa. Can sai a tsayar da kai a ce zaɓi: ka yi wa yarinyar nan magana ko ka wuce, ka shiga aji ko ka gudu. Shi ke nan wasan. Ba harbi, ba tsere. Kamfanin Key na Japan ne ya fitar da shi a 2004, Jun Maeda na cikin manyan marubutansa, fassarar Turancin kuma sai a 2015 ta hau Steam, bayan masoyansa sun yi karo-karo a Kickstarter, wani shafin tara kuɗi a intanet. Muryoyin dai da Japananci suke, kai Turancin za ka riƙa bi. Kuma tunda na san abin da wasu a nan za su fara tambaya: babu batsa a ciki. Kanon da Air, waɗanda Key suka yi kafin shi, fitowarsu ta farko ta manya ce, amma Clannad tun asali na kowa da kowa ne.

Kai ne Tomoya Okazaki, ɗan ajin ƙarshe a sakandare, wanda kullum sai ya makara. Mahaifiyarsa ta rasu tun yana ƙarami, uban ya faɗa shaye-shaye, har wata rana rigima ta haɗa su ya ji ciwo a kafaɗa, ƙwallon kwandon da yake ji da ita ta gagare shi. A Japan a watan Afrilu ake buɗe sabuwar shekarar karatu, lokacin da bishiyoyin sakura ke fure, to a irin wannan safiyar ce ya tarar da Nagisa Furukawa tsaye a gindin tudun da ake hawa zuwa makaranta, ta kasa ɗaga ƙafa. Rashin lafiya ya sa ta maimaita aji, ƙawayenta duk sun gama sun tafi. In tsoro ya kama ta sai ta ambaci sunan abincin da take so don ta samu ƙarfin zuciya, ka ji ta ce anpan, wani burodi ne mai zaƙaƙƙen wake a ciki.

Yanzu ga inda nake so ka saurare ni. Awannin farko za ka ce me wannan mutumin ya jefa ni ciki. Zuwa makaranta, cin abincin rana, zama a ɗakin Sunohara, abokin nan nasa marar kan gado da kullum sai ya tsokano Tomoyo, wata ɗaliba mai ƙarfin tsiya, ta yi ƙwallo da shi. Ka shiga shagon burodin iyayen Nagisa, uwar, Sanae, ta ƙirƙiro wani burodin da ba ya ciyuwa, wani ya kushe, ta fita da gudu tana kuka, mijin ya cusa burodin a baki ya bi ta yana ihu wai shi yana so. Za ka ga kamar shirme ne ana cinye maka lokaci. Wallahi kada ka tsallake. Wannan zaman banzan ne yake sa mutanen su zame maka kamar 'yan unguwarku, sai daga baya in abu ya same su ka ji shi a ƙirjinka. Fim ɗin zanen da kamfanin Kyoto Animation suka fara a 2007 yana da kyau, ban kushe shi ba, amma a can kallo kake yi. A nan kai ne ka danna, kai ka ce a wuce ta ba a yi mata magana ba.

Ɗan dakata, an ɗauke wuta, bari in matsa waje... yawwa.

To, kowace yarinya da hanyarta, wato nata reshen labarin da zaɓinka zai kai ka. Akwai Kotomi mai zama a laburare ba takalmi, ga ilimi, amma in ta ɗauki goge sai kowa ya toshe kunne. Akwai tagwaye Kyou da Ryou. Akwai Fuko, mai sassaƙa wata halittar teku mai siffar tauraro da katako tana raba wa ɗalibai don su zo bikin yayarta. Ita ce ta fara karya ni, ƙarfe biyun dare, ƙato da ni ina share ido da bakin riga. Ba zan faɗi dalili ba.

In ka kammala hanya yadda ya kamata kana samun wani ɗan dunƙulen haske. Sai ka tara na ɓangaren makaranta kafin a buɗe maka After Story, kashi na biyu na labarin, inda Tomoya ya gama karatu, ya kama aikin gyaran lantarki, ya kama hayar ɗan ɗaki, ya yi aure. A nan ne za ka gane soyayyar 'yan makarantar ƙofar shiga ce kawai, maganar uba da ɗa ce, da iyali. Ni a ganina wasu hanyoyin an ja su da yawa, ta tagwayen ma ta ɗan gundure ni, kuma zanen manyan idanun nan sai ka saba da shi.

Shawarata, zagayen farko kada ka buɗe jagorar intanet. Ka zaɓi abin da zuciyarka ta ba ka, ko da za ka ƙare ba kowa, ni ma haka na fara ƙarewa, labarin ya tsinke kawai aka mayar da ni allon farko. Daga zagaye na biyu ka nemi jagora, don wasu hanyoyin zaɓi ɗaya ne tun kwanakin farko yake rufe su ba ka sani ba. Akwai maɓallin da ke tsallake abin da ka riga ka karanta, shi za ka riƙa amfani da shi. Sannan ka riƙa adanawa a kowane zaɓi, a gurbi daban-daban. Ni na taɓa danne nawa da kaina, na koma baya kwana da kwanaki.

Ya ci mini sama da awa 60, don haka tunda ka ce jarabawa na gabanka, ka bari sai ka gama. In ka fara kuma, ka turo mini wadda ka fara faɗawa hanyarta, ina zargin Tomoyo ce.