Fili da sunan mamaci: yaya zan maida takardar da sunana?

Tambaya: Malam, ni malamar makaranta ce a Yamai. Na kwashi adashi, na yi cinikin wani ɗan fili mai murabba'in mita 300 a wajen Saga, sefa miliyan 2 da rabi. Mai sayarwa maƙwabcinmu ne, amma takardar da ya nuna mini sunan marigayi mahaifinsa ne a kanta. Ya ce mu rubuta takarda gaban shedu biyu, shi ke nan. Me zan yi, kuma nawa zan tanada?

Amsa: Malama, in ba ki riga kin biya ba, ki riƙe kuɗinki tukuna. Takardar da za ku rubuta gaban shedu tana nuna kin ba da kuɗi ne kawai. A rajistar hukuma filin yana nan da sunan marigayi, kuma tun ranar da ya rasu ya zama dukiyar magada gaba ɗaya. Maƙwabcinki ɗaya ne daga cikinsu. Ƙanwarsa da ke aure a Tawa ko ƙanensa da ke ci-rani a Abijan na iya zuwa bayan kin zuba bulo su ce ba da yawunsu aka sayar ba, kuma kotu za ta saurare su.

Saboda haka ki ce ya kawo takardar mutuwa, da takardar kotu mai lissafa magada, da takardar zaman dangi wadda ta ba shi wakilcin sayarwa. In ya fara cewa "haba Malama, ba ki yarda da ni ba ne?", ki ce masa ba ke kika tambaya ba, notar ne ke tambaya, wato jami'in da doka ta ba ikon rubuta takardun ciniki da tabbatar da su. Wannan amsa takan kare zumuncin unguwa.

Sai ki duba wace irin takarda ce a hannunsa. In "acte de cession" ce, wadda ma'aikatar magajin gari ke bayarwa bayan an yanka unguwa, ki ɗauki lambar ilo (wato rukunin filayen da filin ke ciki) da lambar fili ki je sashen filaye na birni a duba miki rajista, don takardun jabu da fili ɗaya mai takarda biyu ba baƙon abu ba ne a Yamai. In "titre foncier" ce, wato takardar cikakkiyar mallaka, rajistarta tana hannun ma'aikatar haraji ta ƙasa, can kuma za a gaya miki ko an jinginar da filin a banki. In kuwa takardar mallakar gargajiya ce ta mai gari, irin ta gonaki, to gona kike saye, ba filin da aka yanka ba, aikinki kuma ya fi tsawo. Ki kuma kai mai awon filaye ya tono miki duwatsun iyaka. Saga gefen kogi take, ki tambayi masu gidajen kusa inda ruwa ya tsaya a daminar 2020.

Batun kuɗi, kashi ne daban-daban: ladan notar da zai rubuta takardar ciniki, harajin rajista da ake lissafawa bisa farashin da kuka rubuta, tambura, kuɗin sauya suna, da na mai awo. A al'ada mai saye ne ke ɗaukar waɗannan, kuɗin takardun gado kuwa na masu sayarwa ne, la'adar dillali kuma yadda kuka shirya. Dokar kasafin kuɗi kan taɓa waɗannan kuɗaɗe, don haka ki sa notar ya rubuta miki lissafi layi-layi kafin ki sa hannu, ki karɓi rasit a kan kowane dala.

Za a ba ki shawarar rage farashi a takarda don haraji ya yi sauƙi. Ni ban yarda da ita ba. In cinikin ya rushe, abin da aka rubuta shi za ki iya nema a maida miki.

Kuɗin filin ki biya shi a ofishin notar, ranar sa hannu. Da takarda ta fito da sunanki, ki nemi "titre foncier" mai sauƙi da ake kira Sheda, sannan ki kewaye filin ko da da bulo jeri uku ne.