Amsa ga Hajiya mai shago a Aboabo da ke son tsayawa takarar asambili

Hajiya, sannu da ƙoƙari. Kin ce kin daɗe da shagon kayan masarufi a Aboabo ta Kumasi, matan unguwa da samari suna ta matsa miki ki fito takarar asambili, wato majalisar ƙaramar hukuma, a zaɓe mai zuwa, kina so ki ji daga ina ake farawa, nawa abin ke ci, kuma ko shago zai iya ɗauka. Na taɓa zama a yunit kwamiti, wato ƙaramin kwamitin unguwa da ke ƙarƙashin asambili, kuma ni na riƙe littafin kuɗin wani maƙwabcinmu mai sayar da siminti lokacin da ya tsaya, ya ci, har ya gama wa'adinsa. Abin da idona ya gani zan faɗa miki.

Maganar takardu ba ta da wuya. Ki zama 'yar Ghana, shekarunki sun kai 18, sunanki na cikin rajistar zaɓe, kina zaune a yankin, kuma babu bashin haraji a kanki. Mutum ɗaya zai gabatar da ke, wani ya mara masa baya, sai wasu 18 masu rajista a mazaɓar su sa hannu. Hukumar Zaɓe ba ta karɓar kuɗin ajiya a wannan zaɓen. An yi na baya a Disamban 2023, kuma duk shekara huɗu ake yi, kin ga 2027 ke nan. Abin da za ki gyara tun yanzu shi ne harajin: lasisin shago da kuɗin gida, ki biya ki adana rasit. Ɗan kasuwa ta nan abokan hamayya ke fara laluben sa.

Inda aikin yake shi ne shagon. Shi ya sa aka san ki, shi ya sa ake ganin kin isa, kuma shi ne abu na farko da takara za ta fara ci. Ranar da fostarki ta hau bango, littafin bashi ya canja ma'ana. Wadda take karɓar shinkafa da mai ta biya ƙarshen wata za ta fara cewa "Hajiya, ai mu naki ne." Ba za ki iya aika yaro ya tambaye ta ba, don a gidansu akwai ƙuri'a shida. Maƙwabcin nan namu bai kashe kuɗi mai yawa a fosta da riguna ba. Abin da ya karya shi buhunan siminti ne da suka fita da sunan masallaci, da makaranta, da gyaran gota, ba a rubuta ba, ba a biya ba. Kafin shekara ta zagayo dila ya daina ba shi kaya sai da kuɗi a hannu.

Saboda haka kafin ki faɗa wa kowa kin amince, ki zauna ki yanke adadin kuɗin da za ki iya rasawa ba tare da jarinki ya girgiza ba. Ki ware shi a wata lambar MoMo (asusun kuɗi na waya) daban, ba ta shago ba. Idan ya ƙare, ya ƙare. Sannan ki tashi daga bakin kanta, ki sa wanda zai iya cewa "ba ni da ikon ba da bashi, Hajiya ba ta nan." Ƙani ko ɗiya mai taurin ido sun fi yaron haya a nan. Kuma kada ki taɓa kuɗin susu, wato adashi, na mutane idan kina riƙe da shi, ko da niyyar mayarwa ce. A Zango ana yafe wa wanda ya faɗi zaɓe, amma wanda ya ci adashi har jikokinsa sai an goranta musu.

Kada kuma ki ɗauka idan aka ci an huta. Daga ranar kin zama Onarabul, kuma Onarabul ba ta da hutu: suna, aure, addu'ar uku da ta arba'in, yaron da 'yan sanda suka kama da dare, mai naƙuda da za a kai asibitin Komfo Anokye babu kuɗin mota. Shekara da shekaru ɗan asambili ba shi da albashi, sai kuɗin zama, da babur, da ɗan abin sallama a ƙarshen wa'adi. A 2025 gwamnati ta fara ba da alawus na wata, to amma ki kwatanta shi da yawan ambulan ɗin da za ki miƙa a Asabar ɗaya ta biki.

Yanzu ki ji abin da kujerar take iya yi, don a nan 'yan takara ke ɗaure kansu da alkawari. Aboabo tana ƙarƙashin asambilin Asokore Mampong ne tun 2012, ba KMA (asambilin birnin Kumasi) ba, ko da yake har yanzu wasu dattawa KMA suke kiran kowane mai karɓar tikiti. Kuɗin da ke zuwa daga asusun ƙananan hukumomi, wanda tsarin mulkin 1992 ya ce kada ya gaza kashi 5 cikin 100 na kuɗin shigar ƙasa, asambili yake shiga, ba aljihun ɗan asambili ba. Ke murya ɗaya ce da ƙuri'a ɗaya. Kusan kashi 30 cikin 100 na mambobin ma Shugaban Ƙasa ke naɗa su, shi ne kuma ke kawo sunan MCE, wato shugaban ƙaramar hukumar, ku kuma ku amince da kashi biyu cikin uku na waɗanda suka halarta suka jefa ƙuri'a. Idan kika tsaya gaban jama'a kika ce za ki gina babbar gota ki kawar da ambaliyar rafin Aboabo, kin ɗauki bashin da ba ki da abin biya. Ki ce za ki sa a rubuta ta cikin tsarin ayyuka, za ki bi ta ofis-ofis, kuma za ki dawo ki faɗi inda ta maƙale. Wannan kina iyawa.

Amma akwai wurin da 'yar kasuwa ta fi malamin makaranta amfani a zauren, kuma shi nake so ki gina takararki a kai. Duk shekara asambili ce ke yanke kuɗin lasisin shago, tikitin kasuwa, kuɗin kiyos da na gida. Mambobi da yawa ɗaga hannu kawai suke yi. Ke kin san abin da mai koko da ƙosai ke samu kafin hantsi, kin san abin da ƙarin tikiti zai yi mata. Wanda ke ganin asambili ba ta da haƙori ya tambayi masu pragya, wato keke mai ƙafa uku, yadda suka ji a 2023 da KMA ta hana su shiga tsakiyar gari. Idan kika ci, ki nemi shiga kwamitin kuɗi. Kuma ki rufe ƙofar kwangila tun farko: kada shagonki ya sayar wa asambili ko kwalin ruwa, kada ki karɓi riƙon bayan gidan jama'a ko wurin zubar da bola. Rigimar unguwa rabinta daga nan take tashi.

Batun jam'iyya: doka ta hana jam'iyya tsayar da ɗan takara ko ɗaukar nauyinsa a wannan zaɓen, kuma ƙuri'ar raba-gardamar da aka shirya a 2019 don a canja haka an soke ta kafin ranar. Hotonki da sunanki ne a takardar ƙuri'a, babu lemar NDC babu giwar NPP. Duk mun san a Asawase, mazaɓarmu ta ɗan majalisar ƙasa, ana raɗa wane na wane ne, kuma 'yan jam'iyya za su zo miki da dare da tayin taimako. Ni dai shawarata ki yi musu godiya ki raka su. Kwastomominki na NDC ne da NPP, kuma bayan zaɓe su za su ci gaba da sayen sukari.

Kada taro ya ruɗe ki. Masu fitowa wannan zaɓe a 'yan shekarun nan ba sa kaiwa kashi 40 cikin 100, kuma na 2023 ranar Talata aka sa shi, mutane na kasuwar Kejetia suna neman na abinci. Samarin bes, wato na majalisar hira ta unguwa, za su cika miki titi da babura, rabinsu ƙuri'arsu na wata mazaɓar. Ki samo rajista, ki bi gida-gida, ki san wa zai fito da gaske. Ki fara da gaisuwar sarakunan ƙabilu da limamai, ba don su ce a zaɓe ki ba, don kada su ji labari a bakin wani. Ƙarfinki yana wurin magajiyoyi da matan makarantar Asabar da Lahadi. Mata ba su kai ɗaya cikin goma na zaɓaɓɓun 'yan asambili a ƙasar nan ba, kuma za ki ji maganganu a kan aurenki da fitar dare. Ki gama magana da maigida da surukai tun kafin a buga fosta, ki kuma sami 'yan'uwa maza biyu da za su riƙa raka ki taron bayan isha'i.

Ranar da Hukumar Zaɓe za ta kafa dandali kowa ya yi magana, ki yi Hausa, ki ƙara da Twi, don akwai 'yan haya da yawa da ba sa jin Hausa sosai kuma suna da ƙuri'a. Wakilanki na rumfa su zama masu karatu, a ciyar da su, kada su tashi sai an ƙirga an sa hannu a takardar sakamako.

Idan kina so, ki turo wanda zai riƙe miki kuɗi in nuna masa yadda muka tsara littafin. Allah Ya zaɓa miki abin da ya fi alheri.