Tambaya da Amsa: Yadda Shenhua ya zama giwar kamfanonin kwal

Tambaya: Malam, na ji ana cewa kamfanin Shenhua na ƙasar Sin yana cikin mafiya girma a harkar kwal a duniya, alhali a 1995 aka kafa shi. Me ya ɗaukaka shi da sauri haka? Yawan kwal ne kawai?

Amsa: Malam mai tambaya, kwal na da yawa a wurin, amma da kwal kaɗai ne, da Shenhua bai fi sauran kamfanonin haƙa ba. Abin da ya bambanta shi shi ne ya mallaki hanyar da kwal ke bi tun daga rami har zuwa tukunyar tashar lantarki.

Arzikin kwal na Sin yana arewa da arewa maso yamma, a Shanxi da Shaanxi da Mongoliya ta Gida. Masana'antu da manyan biranen da ke shan wuta kuwa suna gabas da kudu, a bakin teku. A shekarun 1980 aka fara bunƙasa filin kwal na Shenfu da Dongsheng, a kan iyakar Shaanxi da yankin Ordos. Kwal ɗin mai kyau ne, ba shi da toka da yawa, jijiyoyinsa masu kauri ne kuma ba su nutse sosai a ƙasa ba. Matsalar ita ce wurin ya yi nisa da masu saye, layukan dogon gwamnati kuma sun cika maƙil. Kwal da aka tara a bakin rami ba a kai shi kasuwa ba, ai tsibin baƙin dutse ne kawai.

Shi ya sa da majalisar gudanarwar ƙasar ta kafa Shenhua a 1995, ta ɗora masa haƙa da sufuri da wuta gaba ɗaya. Ya shimfiɗa nasa layukan dogo, mafi muhimmanci shi ne na Shuohuang, mai tsawon kusan kilomita 590, daga Shenchi a Shanxi zuwa tashar jiragen ruwa ta Huanghua a lardin Hebei, wadda ita ma tasa ce. Daga nan jiragen ruwa ke kwasar kwal zuwa kudu. A ramukan kuma ya zuba manyan injuna masu yankan bangon kwal, da ginshiƙan ƙarfe masu tallafe rufi suna matsawa gaba da kansu, don haka ma'aikata kaɗan ke fitar da abin da a da sai dubbai.

A ganina, wayon da ya fi duka yana kan farashi. Idan kwal ya faɗi, mai rami ya yi asara, mai tashar lantarki ya ci riba. Idan ya tashi, abin ya juya. Wanda ke riƙe da duka biyun, abin da ya zube ta nan yana tsinta ta can, kuɗin dakon jirgin ƙasa kuma na shigowa ko yaya kasuwa take. Tsakanin 2012 da 2015, da farashin kwal ya karye, kamfanoni da dama suka shiga asara, Shenhua bai daina cin riba ba.

Jari ya ƙaru da shigarsa kasuwar hannayen jari ta Hong Kong a 2005 da ta Shanghai a 2007. A 2017 gwamnati ta haɗe shi da kamfanin lantarki na Guodian, aka samu China Energy. Guodian ya zo da Longyuan, babban mai samar da wuta daga iska, don haka yau gida ɗaya ne ke riƙe da kwal da iska.

Akwai abin da ke damuna a wannan tarihi. Ordos yanki ne mai ƙarancin ruwa, masana'antar mayar da kwal man fetur da kamfanin ya buɗe a can a 2008 kuma tana shan ruwa sosai, har makiyaya suka koka kan ƙafewar rijiyoyi da wuraren kiwo. Haƙa a ƙarƙashin ƙasa na sa ƙasa ta rufta, hayaƙin kwal kuma na kan gaba wajen ɗumamar yanayi. Sin ta yi alkawarin daidaita hayaƙin da take fitarwa da wanda take shanyewa kafin 2060, kuma har yanzu kwal ne ke ba ta fiye da rabin wutarta.