Amsa ga ɗan'uwan da injin yankan ciyawarsa ya ƙi tashi

Ɗan'uwa, wallahi da na karanta tambayarka sai na ji kamar ni na rubuta ta. Ka ce injin ya yi wata huɗu a ajiye, yanzu ka ja igiya har kafaɗarka ta yi tsami, sai ya yi tari sau ɗaya ya mutu. Haka nawa ya yi min, sak. Don Allah kada ka kai wa kowa shi tukuna.

Man da ke cikin tankin, na yaushe ne? Idan wanda ka bari ne tun ranar da ka ajiye shi, to ka kusa gano ciwon. Fetur kan fara lalacewa bayan kamar kwana 30, in ya daɗe sai ya bar wani danƙo a cikin kafireta, wato inda mai ke haɗuwa da iska kafin ya shiga inji. Buɗe murfin ka shinshina. Tsohon mai warinsa kamar na fenti, kuma ya fi sabo duhu. Juye shi kaf, ka zuba sabo.

Ni ban san haka ba a lokacin, shi ya sa na faɗa hannun wani bakanike da har yau in na tuna shi raina ke ɓaci. Mutumin nan ko fulogi bai kwance ba. Igiya ya ja sau biyu ya ce kwayil ne ya ƙone, wato abin da ke ba fulogi wuta. Na sayo sabo, aka sa, shiru. Ya ce in dawo bayan sati. Na dawo, na tarar da injina a waje ruwan sama ya dake shi, an ɗora masa wasu tarkace a kai. Sati shida ina zarya, ciyawa ta kai min gwiwa, na hana yara fita tsakar gida don tsoron maciji. A ƙarshe ya ce wai inji ya buga, gara in bar masa ya cire kayan gyara. Da na ce a nuna min inda ya buga, sai ya juya yana dariya da yaran shagonsa, yana cewa mai kaya ya zama malamin masu gyara. Wannan dariyar ta fi min ciwo a kan kuɗin da na kashe. Na ɗauko abina, noti biyu sun ɓace, murfin matatar iska a tsage, ko haƙuri bai ba ni ba.

A daren nan na zauna da tocila na kwance ɗan kofin da ke ƙasan kafireta. Ruwa ne da wani abu kore-kore a ciki. A irin nawa, notin da ke riƙe da kofin shi ne jet ɗin, wato ƙofar da mai ke bi, yana da 'yan ƙananan huji kamar na allura, duk sun toshe. Na zare silin waya ɗaya daga buroshin ƙarfe na zurkuɗa, na wanke, na mayar. Ja na biyu ya tashi. Na daɗe tsaye ina sauraron ƙararsa.

Kafin ka kai ga kafireta, kwance fulogi ka duba bakinsa. In a jiƙe yake da fetur, mai na zuwa, ko dai ya yi yawa ko wuta ce babu. In a bushe yake bayan duk jan da ka yi, mai ne ba ya isowa. Ɗiga fetur kamar ƙaramin cokali a ramin fulogin, ka mayar ka ja. In ya tashi na daƙiƙa biyu ko uku ya mutu, wuta lafiya take, injin ma lafiya yake, mai ne ba ya isowa, galibi kafireta ce. Kada kowa ya ce maka ya buga. In fulogin ya yi baƙi ƙirin ka canza shi, tazarar bakinsa a yawancin waɗannan injuna wajen milimita 0.76 ce.

Af, kafin hannunka ya je kusa da wuƙa, cire wayar fulogi. Ina roƙonka. Juya wuƙa da hannu daidai yake da jan igiya, yana iya tashi. Kuma in za ka karkata shi, ɓangaren matatar iska ya kalli sama. Na taɓa kwantar da shi ta ɗaya gefen, baƙin mai ya gangaro ya jiƙa matatar, ta takarda ce, sai da na sayi wata.

Duba kuma sandar da ake matsewa a jikin mariƙi. In wayarta ta saki, injin ba zai ba da wuta ba ko ka kwana kana ja. Wannan ma bakaniken can bai duba ba, kwayil ɗina na asali lafiyarsa ƙalau, yana nan a ajiye har yanzu.

Wani abu da ban gani a bayaninka ba: ranar da ka yi yanka na ƙarshe, wuƙar ta daki dutse ko saiwa? In igiyar tana fizge hannunka baya da ƙarfi, akwai wani ɗan guntun ƙarfe mai laushi da ke kulle faifan saman inji da sandar tsakiya, an yi shi ne don ya karye in an yi karo. In ya karye, wuta ba ta zuwa a kan lokaci, ko ka wanke kafireta sau goma ba zai tashi ba.

Ka gwada na cokalin fetur ɗin yau, ka dawo ka gaya mana ya tashi ko bai tashi ba, da kuma yadda ka samu bakin fulogin. Ina nan ina jira.