Yadda Ake Koya wa Ɗalibai Waƙar Furuci a Gaban Jama'a

Malama, kin ce ɗalibanki suna rubuta baitoci masu kyau, amma idan suka tsaya a gaban aji sai su karanta su kamar sanarwa. A ganina, matsalar ita ce sun fara da takarda, alhali waƙar furuci, wato wadda ake furtawa da baki a gaban masu sauraro, don kunne ake tsara ta.

Ki fara da kirari, domin yaran sun taso suna jin na mafarauta da na 'yan dambe, kuma a cikinsa akwai maimaici da ɗaga murya da tsayawar da ke sa mai sauraro ya ƙagu. Daga nan kowa ya rubuta abin da ya gani da idonsa, ko da layin ɗiban ruwa ne, ya haddace shi, ya sa alama a wuraren numfashi. Kada ya wuce minti 3, wanda shi ne ƙa'idar gasar irin wannan waƙa da ake kira slam, wadda ta samo asali a Chicago ta Amurka.

Kuskuren da na fi gani shi ne tilasta amsa-amo har ma'ana ta ɓace, sai kuma ɗaukar ihu a matsayin shauƙi. Idan kina son zurfafawa a ma'aunin waƙa, ki nemi malaman adabin Hausa na jami'a mafi kusa. Yaro mai i'ina kuwa, kada a matsa masa, a haɗa shi da masanin gyaran magana a asibiti.