Tambayoyin Masu Karatu: Faɗin Fuskar Waya da Ƙarfin Batir

Saƙonnin da suka shigo mana a wannan makon yawancinsu daga masu shirin sayen sabuwar waya ne, kuma abin da ke ɗaure musu kai ɗaya ne: girman fuska da riƙe caji. Mun zaɓo biyar daga ciki.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni direban A Daidaita Sahu ne a Kano, daga safe har magariba ina kan titi. Da wayar nake jin rediyo, da ita nake duba alat idan fasinja ya yi mini tiransifa. Na je kasuwar waya ta Farm Center an nuna mini waya biyu, ɗaya inci 6.8 mai batir 5000, ɗaya inci 6.1 mai batir 4000. Mai shagon ya ce babbar ta fi riƙe caji, abokina kuma ya ce babbar fuska ita ke cinye batir. Wanne ne mai gaskiya a cikinsu?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Kowannensu ya kama wani ɓangare na gaskiyar, amma mai shagon ya fi kusa da ita.

Bari mu yi lissafin a fili. Fuska mai inci 6.8 ta fi mai inci 6.1 yawan fili da kusan kashi 24 cikin ɗari, idan tsarin tsawonsu da faɗinsu iri ɗaya ne. Ke nan tana bukatar ƙarin wuta kusan kwata kafin ta yi haske daidai da ƙaramar. A nan abokinka ya yi daidai. To amma batir mai 5000 mAh (mAh shi ne ma'aunin yawan cajin da batir ke ɗauka) shi ma ya fi mai 4000 da kashi 25 cikin ɗari, an yi kunnen doki ke nan. Abin da ya raba gardama shi ne ba fuska kaɗai ke shan wuta ba. Akwai ɓangaren da ke kama sabis, akwai ƙwaƙwalwar wayar, akwai sifika, kuma duk waɗannan ba sa ƙara cin wuta don an faɗaɗa fuska. Shi ya sa a yawancin lokuta babbar waya ke wuce ƙarama a riƙe caji, musamman ga mai aiki irin naka, wanda fuskar wayarsa a kashe take yawancin yini yana sauraro ne kawai.

Sai dai kada ka tsaya a kan waɗannan lambobi biyu, domin akwai abin da ya fi su tasiri, kuma ba kasafai ake rubuta shi da manyan baƙi a jikin kwali ba.

Abu na gaba da komai shi ne ƙarfin haske. Cikin ranar Kano, waya kan ɗaga haskenta har ƙarshe don ka iya ganin rubutu, kuma a wannan yanayin fuska ce ta fi kowane sashe zuƙar batir. Saboda haka ka tambayi irin fuskar. Mai LCD tana da fitila a bayanta wadda ke kunne gaba ɗaya muddin fuskar na buɗe, ko da hoton baƙi ne. Mai AMOLED kuwa kowane ɗigo shi ke kunna kansa, inda duk yake baƙi a kashe yake. Wannan ne dalilin da ya sa mayar da waya zuwa baƙin launi ke rage cin batir a AMOLED, amma a LCD sai dai sanyin ido, batir bai san an yi ba.

Akwai kuma lambar nan da ake tallata waya da ita, 90Hz ko 120Hz. Ma'anarta sau nawa fuska ke sabunta hoto a daƙiƙa ɗaya. Tana sa jan shafi ya yi santsi, amma da kuɗinta, kuma batir ne ke biya. Kai da duba alat ne aikinka, ka shiga saitin fuska ka mayar da ita 60, ba abin da za ka rasa.

Ka duba injin wayar ma. Misali Helio G85 an ƙera shi a kan ma'aunin nanomita 12, Helio G99 kuma a kan nanomita 6. Duk lokacin da wannan lamba, wadda ke nuna ƙanƙantar sassan cikin injin, ta ragu, injin kan yi aiki iri ɗaya da ƙarancin wuta da ƙarancin zafi. Waya biyu masu batir 5000 za su iya bambanta da awanni saboda wannan kawai.

A taƙaice ɗauki babbar. Amma kada ka maƙala ta a gaban keke rana na dukanta alhali tana caji. Batirin lithium ba ya shiri da zafi. Kamfanin Apple ma ya ce kada a yi amfani da wayoyinsa a zafin da ya haura digiri 35, mu kuwa a watan Afrilu muna wuce 40 ko a inuwa. Batirin da ya sha irin wannan gashi ƙarfinsa ba ya dawowa. Sannan idan wayar na da rediyon FM na cikin gida, wanda ake sa wa abin kunne, yi amfani da shi maimakon sauraro ta intanet. Ya fi sauƙin wuta nesa ba kusa ba, ga shi ba ya cin data.

Tambaya: Ni malamar firamare ce a Katsina. Tsohuwar wayata inci 5.5 ce kuma tana cika mini hannu daidai. Yanzu duk wadda na ɗauka sai in ga 6.6 ko 6.7, ina tsoron ba za ta riƙu ba. Shin an daina yin ƙananan ne?

Amsa: Malama, lambar ce ke ba ki tsoro fiye da wayar. Ana auna fuska ne a karkace, daga kusurwar ƙasa zuwa kusurwar sama ta ɗaya ɓangaren, ba faɗi ba. Inci ɗaya santimita 2.54 ne. Tsofaffin wayoyi suna da tsarin 16:9, wato tsawo 16 faɗi 9, gajeru masu faɗi. Na yanzu yawanci 20:9 ne, dogaye sirara. Idan aka auna, faɗin fuskarki mai inci 5.5 wajen santimita 6.8 ne, haka ma faɗin sabuwa mai inci 6.5 wajen santimita 6.8 ne. Tsawo ne ya ƙaru, kuma an cinye kaurin bakin da ke sama da ƙasa a tsofaffin wayoyi. Abin da tafin hannu ke ji faɗi ne da nauyi, don haka su za ki nema a bayanin wayar. Wadda faɗinta bai wuce milimita 72 zuwa 75 ba, nauyinta kuma ƙasa da giram 190, ba za ta gajiyar da ke ba. Daga giram 210 zuwa sama, ga riga an sa mata, za ki ji a wuyan hannu idan kin daɗe kina karatu.

Ƙananan na gaske kam sun yi wuya. Apple ya yi iPhone 12 mini da 13 mini masu inci 5.4, ya daina sayar da ta farkon a 2022, ta biyun kuma a 2023, kuma babban ƙorafin da aka yi a kansu batir ne: na 13 mini ɗan sama da 2400 mAh ne kawai. Ƙaramin jiki ba shi da ɗakin da zai ajiye babban batir. Samsung Galaxy S24 mai inci 6.2 da batir 4000 tana da daɗin riƙo, amma tana cikin masu tsada. A wayoyin matsakaicin kuɗi irin na Tecno, Infinix, itel da Redmi, da wuya ki sami ƙasa da inci 6.5.

Idan kin je shago ki riƙe ta da hannu ɗaya, ki gwada kai babban yatsa ɗaya gefen. Idan ya kai, shi ke nan. Saman fuskar da ba ya kaiwa kuwa, akwai saitin amfani da hannu ɗaya a yawancin wayoyin Android, yana sauko da komai ƙasa.

Tambaya: Mahaifina ya haura saba'in, yana son karanta Alƙur'ani da Azkar a waya amma idonsa ya yi rauni. In saya masa mafi girman fuska?

Amsa: Allah Ya ƙara wa Baba lafiya. A nan babbar fuska ta cancanta, amma ka haɗa da tsabtar rubutu. Akwai masu ɗigo 720 sau 1600, akwai masu 1080 sau 2400. A fuska mai inci 6.6, ta farko tana da ɗigo wajen 266 a kowane inci, ta biyu wajen 400. A hira da kallon bidiyo bambancin bai cika damun mutum ba, amma wasulla da ɗige-ɗigen Larabci sun fi fitowa tas a ta biyun. Za ta ɗan fi cin batir, sai dai mai karatu a ɗaki da matsakaicin haske ba zai ma lura ba. Kuma ka ƙara masa girman rubutu a saiti tun ranar farko.

Tambaya: Ni ɗalibi ne a Zariya. Unguwarmu wani lokaci awa biyu ake kawo wuta a yini, wani lokaci sai mu kwana biyu ba mu gan ta ba. Ina tunanin ko in nemi waya mai batir 7000, ko in sayi mai 5000 in haɗa da fawa-banki mai 10,000 wanda zai cika ta sau biyu. Wanne ya fi?

Amsa: Da farko mu gyara lissafin, domin fawa-banki mai 10,000 ba ya cika waya mai 5000 sau biyu. Wannan lambar an auna ta ne a kan ƙarfin batirin da ke cikinsa, wato volt 3.7, wanda ya ba da wat-awa 37 (wat-awa shi ne ma'aunin ainihin yawan wutar da ke ciki). Kafin wutar ta fito sai an ɗaga ta zuwa volt 5 ko sama, idan ta shiga waya kuma a sake sauke ta, kuma a kowane mataki wani kaso na tafiya a zafi. Batirin waya mai 5000 mAh na ɗaukar wajen wat-awa 19. Idan aka cire asara, cikawa ɗaya da kusan rabi za ka samu, shi ma idan fawa-bankin na ƙwarai ne. Jabun da ke yawo a kasuwa, masu rubutun 30,000 amma ba nauyi a hannu, ko ɗaya ba lallai su cika ba. Nauyi shaida ce: na 10,000 na gaske yakan kai wajen giram 200.

Duk da haka, jimillar 5000 da fawa-banki ta fi 7000 ita kaɗai yawan wuta, kuma tana da wata fa'ida: za ka iya barin fawa-bankin a shagon masu caji ka tafi aji da wayarka, maimakon ka bar wayar a hannun wani. Wayoyi masu 7000 sun daɗe da fitowa, kamar Samsung Galaxy M51 a 2020 da Tecno Pova 2 a 2021, amma masu kauri ne da nauyi. A 'yan shekarun nan an fara sa wani sabon nau'in batir mai sinadarin silikon, wanda ke ba da 6000 zuwa sama ba tare da wayar ta yi kumburi ba. Idan ka samu irinta a kuɗin da kake da shi, babu laifi.

Amma ga mai wutar awa biyu, abin da ya fi girman batir muhimmanci shi ne saurin caji. Caja mai wat 10 takan ɗauki kusan awa uku kafin ta cika batir 5000, ke nan za a ɗauke wuta ba ka cika ba, balle a ce 7000 ne. Mai wat 33 kuwa cikin awa ɗaya da 'yan mintuna ta gama, kuma rabin farko ya fi sauri, domin waya kan rage jan wuta da kanta idan ta doshi kashi 80. Ka tabbatar da abu uku sun dace da juna: wayar tana karɓar wannan ƙarfi, kan cajar yana bayarwa, igiyar kuma tana iya ɗauka. Igiya mai arha mai siririyar waya a ciki takan mayar da cajar wat 33 tamkar ta wat 10. Ka buɗe kwalin a shago ka gani ko akwai kan caja a ciki, don wasu kamfanoni sun daina sakawa.

Tambaya: Na sayi iPhone tokumbo. A gari tana kai ni dare, amma duk ranar da na je ƙauyenmu kafin la'asar ta mutu, ko ban taɓa ta sosai ba. Kwanan nan kuma na ga gefen fuskar ya ɗan ɗago. An cuce ni ne?

Amsa: Matsala biyu ce daban-daban, kuma ta biyun ta fi gaggawa.

Mutuwar da take yi a ƙauye daga sabis ne. Idan waya ta yi nisa da turken sadarwa, sai ta ƙara ƙarfin siginar da take aikawa, ta yi ta laluben 4G tana faɗowa 3G tana komawa, ko tana cikin aljihu. Idan layi biyu ne a kai, aikin ya ƙaru. Da ka isa ƙauye ka kashe data sai lokacin da kake bukata, ka kashe layin da ba ya kamawa a can, inda babu sabis sam kuma ka sa ta a yanayin jirgin sama.

Ka kuma shiga saiti, sashen batir, ka duba lafiyarsa. Apple ya ce batirin iPhone 14 da waɗanda suka gabace ta an yi shi ne ya riƙe kashi 80 na ƙarfinsa bayan cikakken caji 500, daga iPhone 15 kuma 1000. Tokumbo da yawa sun riga sun cinye wannan kafin su iso hannunmu. Idan ka ga ƙasa da 80, batirin ya tsufa. Idan kuma ka ga saƙon cewa wayar ba ta gane batirin ba, to an taɓa canza shi, kuma lambar da aka nuna maka ranar ciniki ba abin dogaro ba ce.

Ɗagowar fuska kuwa alama ce ta batir ya kumbura, iskar gas ta taru a cikinsa tana turo gilashin daga ciki. Ka daina cajinta daga yau. Kada ka danna fuskar don ta koma, kada ka ɗaure ta da roba, kada ka kwana da ita ƙarƙashin filo, domin batirin da ya kumbura idan ya huje yana iya kamawa da wuta. Kashe ta, ka ajiye ta a kan siminti nesa da katifa da labule, ka kai wa mai gyara ya cire batirin. Ka tsaya a yi a gabanka, ka ga sabon da za a saka, kuma ka ce ya duba ko turowar ta taɓa igiyar fuskar kafin ya liƙe ta.